Kumfar da Ta Ƙi Fashewa

Tun ranar da na kai 'yata Godiya makaranta nake ɗauke da wani tsoro a ƙirji. Ni a aji uku na tsaya, shekarar da masaƙa ta sallami Babanmu. Na san wata rana yarinyar nan za ta kawo tambayar da ta fi ƙarfina, ta dube ni, ta gane. Shi ya sa da ta buɗe jaka sai ciwon kai ya taso mini, in ce ta je wurin Maman Joy, maƙwabciyarmu mai aikin jinya. A hankali ta daina ma tsayawa a ƙofata. Kai tsaye take wucewa, ina kallon bayanta.

Wata Laraba ina juya sabulun da nake sayarwa, ta shigo da tsalle.

"Mama, Anti malamarmu ta ce da can duniya ba kowa, ko ciyawa babu! Ruwan ɗumi ne kawai da duwatsu da walƙiya. Wai sinadarai suka yi ta haɗuwa har..." Sai ta tsaya. "Bari dai, ba za ki gane ba."

Ba da raini ta faɗa ba, shi ya fi mini ciwo.

"Har me?" na ce.

"Har wani ɗan mitsitsin abu ya samu, mai fatar maiƙo, kamar kumfa."

Muciya ta tsaya a hannuna. Na san kumfar nan. Tun ina shekara bakwai na san ta.

Kakarmu, uwar Babanmu, ita ta zo da sana'ar sabulu daga ƙauye zuwa gidanmu na haya a unguwar Television. Tana da tukunya mai huji a gindi, ta cika ta da tokar karan dawa, ta zuba ruwa ya riƙa tsiyaya ɗis, ɗis. Da bakin harshe take gwada ƙarfinsa, ta yamutsa fuska, mu yi ta dariya. Da rana ta yi sanyi sai ta ɗora manja a wuta, mu kewaye murhu, ni da yayata Saratu da 'ya'yan maƙwabta. Sabulu ba ya son gaggawa, don haka bakinta ke aiki tare da hannunta.

"Ku matso, wata tatsuniya ta taso daga cikin toka," in ji ta.

"Ta zauna mu ji ta!" mu amsa.

Ta ce lokacin da Duniya take yarinya, zafi gare ta kamar tukunyar nan. Duwatsu suna tofar da wuta. Ba kaza, ba akuya. "Ko surukar da za ta ce miya ta yi gishiri babu," in ji ta, tana hararar Mamanmu, ita kuma ta murguɗa baki ta wuce. A cikin wani kwarmin dutse Ruwa da Maiƙo suka sami kansu, ga shi ba sa jituwa. Maiƙo ya haye sama yana taƙama, Ruwa yana ƙasa yana gunaguni. Sai Toka ta faɗo, tsohuwa mai son sulhu, ta kama Ruwa da dama, ta kama Maiƙo da hagu. Aradu ta daka musu tsawa. Rana ta ƙafar da su, ruwan sama ya dawo ya jiƙa su, yau haka, gobe haka, har suka gaji da faɗa suka haifi Kumfa.

"Sai ta yi, fus! Wata ta zo, fus! Dubu ta zo, fus!" Mu ma sai mu kumbura kumatu muna fus, fus. Can sai ga wata ƙarama mai taurin kai. "Irinki," Kaka ta nuna ni da muciya. Wannan ta ja fatarta ta rufe cikinta, ta ce abin da ke ciki nata ne. Ta riƙa tsotsar abin da ke cikin ruwan tana ƙiba, ta ƙi fashewa. Wata safiya aka duba, sun zama biyu.

Saratu, mai son a san ta je coci, ta ce, "Kaka, ai Allah ne ya yi komai."

"Wa ya ce ba Shi ba? Ni tukunyar nake ba ku labari. Kin taɓa ganin tukunya ta ɗora kanta a murhu?"

Ni kuwa tambayata ɗaya ce kullum. "Kaka, yaya aka yi ta zama biyu?"

Sai ta shinshina iska, ta zabura. "Wayyo, sabuluna zai kama! Ku tashi mini!" Haka take yi kowane lokaci, har Allah ya ɗauke ta ba ta faɗa ba.

Ranar Larabar nan na zaunar da Godiya na ba ta labarin, har da fus, fus ɗin. Na ɗauko kwalba na zuba ruwa da manja, ta girgiza, suka rabu. Na ɗiga ruwan toka, ta sake girgizawa, suka haɗu, kumfa ta taso.

"Mama! Ashe kin sani!"

Washegari ta tafi da kwalbar makaranta, ni kuwa na wuni ina fargabar kada a yi mata dariya. Da ta dawo, a ƙofata ta yi birki. Wai Anti ta ɗaga kwalbar a gaban aji, ta ce kumfar sabulu ba ta da rai, amma irin fatar nan masana kimiyya suke zaton ta fara rufe abu mai rai na farko.

"To Mama, yaya aka yi ta zama biyu?"

Ciwon kan ya fara tasowa. Na haɗiye shi, na ce, "Ban sani ba."

Ta fashe da dariya. "Anti ma haka ta ce! Wai masu gwaji ma har yanzu suna nema!"

Na zauna na yi dariya har da hawaye. Shekaru ina jin haushin Kaka, ina cewa rowar ƙarshen labari ta yi mini. Yanzu ina ganin ita ma iyakar saninta ke nan, kuma hakan bai hana ta tara mu a bakin wuta ba. Godiya tana zuwa wurin Maman Joy don lissafi, amma wurina take fara tsayawa.

Roƙona gare ka mai karatu: idan kakarka ta taɓa ba ka labarin nan har ƙarshe, ko karatunka ya kai ka inda kumfar ta rabu biyu, ka tambayi mai sabulun toka a bakin kasuwar Television. Ka zo da yamma, bayan an tashi makaranta. Mu biyu ne muke jira.