Motar da Malam Ya Sallama

Ɗazu aka kira ni a waya, wai gobe za a aiko mota ta kai ni in gabatar wa jami'an gwamnati rahoton cibiyarmu kan magudanan ruwan Chikaji. Tun lokacin na kasa zama, domin rahoton bai yabe su ba.

Malam, wanda ya kafa wannan cibiyar bincike mai zaman kanta a Samaru, bai taɓa shiga motar da suka aiko ba. Wata rana ya sallami direbansu da godiya, muka cusa kanmu a bas ɗin Sabon Gari, ƙarnin busasshen kifi ya cika mana hanci.

"Malam, motarsu fa da sanyi," na ce a hankali.

Ya yi dariya. "Ɗana, in su suka kawo ka, su za su mayar da kai. Kana magana kana tunanin hanyar gida."

Bara ya rasu. Yau na daɗe ina jujjuya wayar, sannan na kira su na ce kada direba ya wahala, na san tasha.

Allah Ya sanyaya kabarin Malam, Ya hana muryata rawa gobe.