Malam Ya'u na Kusfa da Faɗan da Ba a Fara Ba

Malam Ya'u mai ɗinkin riga, ɗan Malam Sabo, jikan Jumare Maɗinki, mutumin Kusfa ne a cikin Birnin Zazzau. Gidansu gidan allura ne tun kaka da kakanni, kuma ba a taɓa jin wani daga cikinsu ya ɗaga wa ɗan'adam hannu ba.

A shekarar 1973, yana da shekara hamsin da ɗaya, wani ya fizge masa hula a kasuwa ya ruga. Malam Ya'u ya dawo gida da kai tsirara, ya yi kwana uku bai leƙa zaure ba. A rana ta huɗu ya tafi wurin Saje Dogara, wani tsohon soja da ke koyar da kareti, wato faɗan hannu da ƙafa irin na Japanawa, a bayan ganuwa, ya ce a rubuta sunansa.

Shekara uku cur yana zuwa. Ya koyi wani irin ihu da ya sa kajin gidansa suka daina ƙwai. Ya farfasa da gefen hannu duk tubalan da aka buga don gyaran katanga, har matarsa Maijidda ta koma kare tsakar gida da zana. Amma abin da ya fi riƙewa shi ne ƙa'idoji uku na Saje, waɗanda ya rubuta da ajami: a tuɓe takalmi kafin faɗa, a rusuna wa abokin karawa, kuma kada a bugi wanda ba a tsaye yake ba.

Ranar jarrabawa ta zo a 1976. Malam Ya'u ya gama wata babbar riga mai aska takwas, aikin wata goma sha ɗaya, wadda Alhaji Tanko zai saka washegari wurin ɗaurin auren ɗansa. In rigar ta salwanta, sunan gidan Jumare ya salwanta. Da hantsi yana tafe da ita kusa da Ƙofar Doka, sai wani ƙato mai suna Bahago, ɗan kimanin shekara talatin, ya warce ta ya faɗa lungu. Lungun kuwa ba ya ɓullewa.

Malam Ya'u ya tare bakin lungu, ransa fari ƙal. Ya tuɓe takalmi, ya jera su gefe, ya rusuna.

To, Bahago ɓarawo ne, amma a birni aka rene shi. Ganin dattijo mai furfura ya tuɓe masa takalmi, sai ya zube ya tsuguna da riga a hammata.

“Subhanallahi! Baba, ai ni zan gaishe ka. Ina kwana?”

“Lafiya lau. Miƙe.”

“Ina gajiya?”

“Babu gajiya. Na ce miƙe, dukanka zan yi.”

“Allah ya huci zuciyarka, Baba. Yaya mutanen gida?”

Malam Ya'u ya zaci rusunawarsa ce ba ta cika ba, ya ƙara sunkuyawa. Bahago ya ga abin ya fi ƙarfin tsuguno, ya sa gwiwoyi a ƙasa. Malam ya ƙara, Bahago ya dafa ƙasa da tafin hannu.

“Kai wane irin abokin gaba ne marar horo?”

“Haka ne, Baba. Yaya aiki?”

Suna nan har inuwa ta tattare, an gaisa a kan damina, da jikoki, da ciwon baya. Sai ga Iya Ummukulsum mai ƙosai za ta wuce. Ta dubi na ƙasa ta ce, “Kai, ba jikan Larai ba ne? Me kake yi da rigar mutane?”

“Taya Baba ɗauka nake, Iya.”

Da yake ya faɗa, dole ya cika. Ya bi bayan Malam Ya'u a duƙe, riga a ka, takalman Malam a hannu, har ƙofar gidan Alhaji Tanko. Washegari Alhaji ya saka rigarsa, aka yi ta yaba aikin gidan Jumare.

Tun daga ranar, duk inda Bahago ya hango Malam Ya'u sai ya zube tun daga nesa. Har ya bar sata ya kama faskare, bai fasa ba. Malam Ya'u kuma bai fasa fasa tubali ba, ko da Saje Dogara ya rasu, ko da gwiwoyinsa suka fara ƙara.

Wata rana Maijidda, wadda ta gaji da zana, ta tambaye shi, “Malam, tsakani da Allah, ka samu rigarka, ba ka taɓa ko ƙuda ba. Wannan wahala ta mece ce kuma?”

Ya kaɗe ƙasar hannunsa ya ce, “Ke ba ki san ƙa'ida ba. Faɗan nan an buɗe shi, ba a rufe ba. Mutumin nan ne ya ƙi miƙewa. Ranar da ya miƙe, za ki ga ilimi.”