Amfilifayar da Ba Ta Son Ranar Lahadi

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina gyaran rediyo a Nasarawa ta Kaduna, ba zan manta da wasan da wata amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin murya, da na haɗa da hannuna ta yi da hankalina ba. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ne, kowace jam'iyya na neman lasifika, mu masu gyara muka zama 'yan gata. Ni kuwa ana ji da ni, ina ji da kaina, don a layinmu ni kaɗai ke haɗa amfilifaya mai bawul, irin kwalaben nan da ke yin ja su ɗau zafi in an kunna.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin masaƙa. Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama. Cocinsu na neman amfilifaya, sauran dattawan ikilisiya suka ce a sayo ta kanti. Baba ya miƙe ya ce yana da ɗa Musulmi da zai haɗa wadda ta fi ta kanti, in kuma ba ta yi ba a daina jin maganarsa a cocin. Ni ban roƙe shi ba. Sai da ya gama ɗaukar alkawarin ya zo ya gaya mini.

Ran amfilifaya yana wurin kondensa, wasu 'yan gwangwanaye da ke tara wuta su tace ta kafin ta kai ga bawul. Wutar da ke yawo a ciki ta fi ta bango ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka sai ka duba lambar jikin kondensa ka tabbata za ta ɗauka. Na tafi Kakuri wurin wani Inyamuri mai kayan rediyo, na zaɓo masu kyau, na tsayar da su kusa da bawul na ɗaure da ƙarfe, kamar yadda aka koya mini. Wuni guda na bar ta a kunne a shago, murya tas.

Lahadin farko, ana tsakiyar wa'azi, sai lasifika ta fara gunji, can sai fau! Baba ya ɗauro ta a bayan keke ya kawo mini. Da na buɗe, kondensa ɗaya ta kumbura ta fashe, wari ya cika shago. Na koma Kakuri da faɗa na ce wa mai kayan ya sayar mini da jabu, na karɓo masu lambar da ta fi girma. A shago ta yi kwanaki lafiya lau. Lahadi ta zagayo, ta sake yi. Da na koma Kakuri, mutumin ya dube ni ya ce, "Malam, gaskiya ka gaya mini, cin su kake yi ne?"

Nan kaina ya ɗaure. Na ce ƙila wutar cocin ce, na je ranar Laraba na auna, daidai take da ta shagona. Muka kunna ta a wurin, Baba ya yi ta rera waƙoƙinsu a makirfo har muryarsa ta dushe, ko gezau. Na canza waya, na canza tiransifoma, na sake bin dalma wuri-wuri. Ni da nake yi wa masu cewa aljanu sun shiga rediyonsu dariya, sai ga ni ina tofa wa amfilifaya addu'a. Wace irin na'ura ce ta san ranakun mako?

Abin da ya fi damuna Baba ne. Magana ta fara yawo cewa dama me ya kai shi ba wa Musulmi aikin coci. Ya daina zaman ƙofar gida da yamma. Ranar da ya zo ya ce dattawa sun ba shi Lahadi ɗaya tak, bai ɗaga ido ya dube ni ba, ni ma na kasa dubansa.

Da Lahadin ta zo, na bi shi cocin. Ban shiga ba, na raɓe a jikin taga ina leƙen teburin da aka ɗora ta. Aka kunna, bawul suka yi ja, mawaƙa na gyara murya. Sai ga Mama ta taso da wani mayafi mai kauri na zaren ulu, saƙar hannu, har da tuntaye. Ta lulluɓe amfilifayar ruf, ta cusa gefuna a ƙarƙashi kada ya zame, ta ɗora tukunyar furen roba a kai, ta ja baya tana dubawa da murmushi. Duk ramukan da na huda don zafi ya fita sun toshe. Ashe dahuwa kondensa ke yi a ciki. Ba wanda ya taɓa gaya mini, domin a wurinsu ba abin faɗa ba ne: duk abu mai daraja a cocin rufe shi ake yi ranar sujada.

Na yafuto ta, ta fito. Na ce, "Mama, don Allah a cire mayafin nan, shi ke kashe ta."

Ta yi sororo. "Mayafin? Ni na saƙa shi fa, saboda kai. Aikin ɗana ne zan bari tsirara a gaban jama'a?"

Na zo da haushin wanda ke ɓata mini aiki, na tarar da mai karrama ni. Ta koma ta cire, amfilifaya ta kai ƙarshen sujada lafiya, mutuncin Baba ya dawo. Amma ta taga ina ganin Mama zaune da mayafin a ninke kan cinyarta, bakinta bai motsa ba har aka gama waƙoƙi. Wallahi sai na ji da ma ban gano ba.

A makon na mayar da kondensa ƙarƙashi, nesa da bawul, na ƙara ramuka a gefe, na lanƙwasa ƙarfe na yi mata 'yar rumfa mai ƙafafu, yadda za a shimfiɗa mayafi a sama iska na wucewa. Na kai wa Mama har gida na ce ta gwada ko ya zauna. Ta daɗe tana gyara tuntayen kafin ta ce, "To, yanzu dai ta yi kyan gani." Baba bai taɓa gaya wa dattawa dalilin ba, ni ma haka.

Tun daga nan na gane cewa aiki ba ya ƙarewa a kan teburin mai gyara. Sai ka je ka ga yadda masu shi ke zama da shi, domin wani lokaci abin da ke lalata maka aiki ƙaunar da ake yi maka ce, kuma ita ba a cire ta, wuri ake gyara mata.