Duniyar Baba Mai Fito

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da 'yan kai, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Ni tela ne, shagona yana bayan kasuwar Haɗejiya, kuma awo ne ya kai ni makaranta. Da ka nake riƙe awon mutane, wani lokaci in yi ƙulli a jikin zare. Da aiki ya yi yawa sai wandon wani ya riƙa fitowa da tsawon ƙafar wani. Bayan la'asar ake yi mana karatu a wata firamare, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur.

Malaminmu mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, yana koyar da yara da safe, mu kuma da yamma. Ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Idan rana ta yi ja shi ne mai fara rufe littafi, ya ce mu tashi kada magariba ta same mu a hanya.

Babba a cikinmu wani dattijo ne daga wani ƙauye na wajen Auyo, wanda duk muke ce wa Baba. Mai fito ne. Tun yana saurayi yake haye da mutane da buhunan shinkafa a kwale-kwale, har kafaɗa ta hana shi, ya dawo gari wurin ɗansa. Ranar da Malam ya tambayi kowa abin da ya kawo shi, Baba ya ce hanyoyin ruwa ne. Ya ce tsakanin ƙauyensu da Baturiya akwai hanyoyi da yawa, kowace da sunanta, ga shi ciyawar kacala tana toshe su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka san sunayen kuma suna ta mutuwa. Yana so ya rubuta su kafin shi ma a kira shi.

Kansa ya ɗauki karatu, ya riga mu duka gane baƙaƙe. Hannun ne ya ƙi. Tafinsa ya yi kanta saboda riƙon gorar tuƙi, yatsun ba sa lanƙwasuwa su kama ƙaramin abu. Idan ya riƙe fensir sai ya danna har ya karye, ko ya huda takarda. Akwai wani mahauci a ajin, mai yawan tsokana, da yakan ce masa, "Baba, fensir ne fa, ba gora ba, a hankali kada ka tura teburin tsallake." Baba yakan yi dariya tare da mu, amma na lura dariyar tana raguwa.

Wata Alhamis, bayan kamar wata huɗu, ya ajiye littafinsa da guntun fensir a kan teburin Malam. Ya yi godiya, ya ce ya gwada, Allah bai nufa ba, ba zai ƙara zuwa ba. Malam bai yi masa gardama ba. Ya dai roƙe shi ya zo ranar Asabar, domin ya shirya kai mu mu ga kwamfuta, kuma ba ya so a je babu babban aji. Baba ya ce don wannan kaɗai zai zo.

Ƙanin matar Malam ne yake da kwamfutar, a wani ɗan shago kusa da tasha inda yake buga wa mutane wasiƙu. Mun je da hantsi, aka yi sa'a akwai wuta. Ya nuna mana baƙaƙen da muke koya jere a kan maɓallai, kowa ya danna na farkon sunansa ya gan shi ya fito a fuskar kwamfutar. Da aka gama, ganin wutar ba ta ɗauke ba, sai ya ce bari ya nuna mana wani wasa.

Wasan tuƙa kumbo ne a sararin samaniya. Kai ne matuƙi, kana tashi daga wata duniya, ka ratsa duhu da taurari, ka je ka sauka a wata. Duniyoyin biyar ne ko shida, wata ja, wata fara fat da ƙanƙara, wata duk ramuka. A kowace akwai ɗan fili da aka zana inda za ka ajiye kumbon, kuma man da aka ba ka ƙayyadadde ne. Mai shagon ya ce tashi ba wuya, saukar ce ta gagare shi, ya fi wata biyu yana fama da jar duniyar nan.

Mahauci ya fara gwadawa. Ya nufi filin kai tsaye, ya wuce shi, ya daki dutse, kumbon ya kama da wuta. Ni ma na gwada, nawa ya fi nasa muni, har mahauci ya ce na ɗinke kumbon da ƙasa. Malam ma ya faɗi. Dukkanmu abu ɗaya muke yi, mu saita hancin kumbon a kan filin, mu ba shi wuta, idan mun zo kusa mu shiga neman birki.

Baba yana tsaye a baya da hannuwansa a goye, har aka zagayo kansa. Ya tambayi mai shagon ko abin yana da birki, aka ce babu. Ya tambayi wane maɓalli ne yake turawa, wane ne yake juya hanci. Sannan ya nuna wata ƙura da take gudu a fuskar kwamfutar daga hagu zuwa dama, ya ce mece ce wannan, aka ce iskar duniyar ce.

"To ai wannan kwale-kwale ne," in ji shi. "Ku kuna tuƙa shi kamar babur."

Ya zauna. Maɓallai sun yi wa yatsunsa daidai, domin dannawa kawai suke so. Bai nufi filin ba sam. Ya yi can hagu da shi, inda iskar take fitowa, har mai shagon ya fara cewa Baba ka ɓata. Tun da nisa ya juya hancin kumbon ya fuskanci iskar, ya riƙa ba shi wuta kaɗan-kaɗan, ya danna ya saki, ya danna ya saki, yana barin iskar tana kawo shi. Karon farko ƙafa ɗaya ta sauka a wajen fili, kumbon ya kife. Ya ce a sake. Karo na biyu ya ajiye shi a tsakiya, a hankali kamar mai ajiye tulu, da sauran mai fiye da rabi. Mai shagon ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na ga masu fito suna yin haka a gaɓa sau da yawa, su hau sama da ruwa su bar shi ya sauko da su, amma ban taɓa kula da cewa ilimi ne ba sai ranar.

Aka bi da shi sauran duniyoyin, ya sauka a uku. Daga nan ya ture kujera ya ce waɗanda suka yi wasan sun iya, amma ba su taɓa zama a bakin ruwa ba. Duk duniyoyinsu busassu ne, kuma filin sauka yana nan inda ka bar shi jiya. Wace irin tafiya ce wannan, da matuƙi ba ya bukatar tambayar kowa?

Mai shagon ya ɗauko ɗan littafin da ya zo da wasan. Ya ce a bayansa masu wasan sun sa adireshi, suna neman duk mai shawarar sabuwar duniya ko wani ƙari ya rubuto musu. Nan fa baki ya buɗe. Mahauci ya ce a yi duniyar da shanu ba sa ramewa da rani. Na ce a yi mai rana biyu, ɗaya na faɗuwa ɗaya na fitowa, don tela ya huta da fitila. Wani a cikinmu ya ce mu yi hattara, yin duniya na Allah ne. Baba ya ce gaskiya ne, amma wannan zane ne, kamar yadda yake zana wa baƙo hanya a kan yashi.

Tasa duniyar ya faɗe ta a tsaye, Malam yana rubutawa. Rabin shekara ƙasa ce, rabin shekara ruwa. Filin sauka yana canja wuri, wanda ya koma inda ya sauka bara zai nutse. A ba kumbon gora ta auna zurfi kafin ya sa ƙafa. A sa ciyawa mai cin hanya, duk hanyar da aka shekara ba a bi ba ta rufe. A kowace gaɓa a ajiye mutum, idan ka gaishe shi ya faɗa maka inda ruwa ya koma, idan ka wuce ba sallama ya ƙyale ka. A kuma sa fasinjoji a cikin kumbon, masu miƙewa tsaye idan sun tsorata, da akuya ɗaya, domin a ganinsa wanda bai sauka da irin waɗannan ba bai iya tuƙi ba. Idan guzuri ya ƙare da rani, matuƙi ya tona busasshiyar laka, zai sami kifin gaiwa yana kwance a ciki. Malam ya ce zai gyara rubutun ya karanta mana ranar Litinin kafin ya juya shi zuwa Turanci.

Ranar Litinin Baba ya zo, hannu rabbana, ya zauna a bencin baya. Ya ce ji kawai ya zo yi. Malam ya fara karantawa, komai daidai, har ya zo inda ya rubuta cewa idan hadari ya haɗu aka yi ruwa mai yawa, sai duniyar ta cika, matuƙi ya duba sama ya san lokaci.

"Tsaya, Malam. Wa ya ce maka haka?"

"Ba haka ba ne, Baba? A garinmu idan aka yi ruwa a kan dutse, kafin ka gama cin tuwo rafi ya kawo."

"Wannan rafinku ne. Namu ruwan baƙo ne, daga yamma yake tahowa, ya yi kwanaki a hanya. Sai sama ta yi tas, rana tana dukanka, ka ga ya shigo gona ta ƙarƙashin ciyawa. Wanda ya tsaya duban sama ai ya halaka fasinja."

Ya ce alamar a ƙasa take. Ruwan gaɓa yakan sauya launi, ya zo da kumfa da karare, tsuntsayen kirinjijiya kuma su bar inda suka saba kwana. Malam ya ba da haƙuri, ya goge, ya sake rubutawa, ya karanta. Baba ya ce har yanzu da saura, an sa kumfa kafin launi, alhali launi ne farko. Malam ya ajiye alli, ya ce shi ɗan kan dutse ne, yana tsoron duk yadda ya rubuta sai ya ɓata wani wuri, kuma masu wasan abin da suka gani a takarda shi za su gina. Ya buɗe aljihun tebur, ya fito da littafin Baba da guntun fensirinsa, ya ajiye a gefe, bai miƙa masa ba. Ya ci gaba da darasin ranar.

Har aka kusa tashi Baba bai motsa ba. Da muka miƙe sai ya je ya ɗauki littafin, ya tsaya yana juya fensirin a tafinsa. Ya dube ni ya ce, "Tela, ba ka da ƙyalle a shagon nan naka? Abin nan ya yi mini siriri."

Washegari na naɗe masa fensir da tsummokin yadi, na ɗaure da zare, har ya kai kaurin gora. Ya kama shi da dukan hannu, ba da yatsu ba, ya riƙa ja daga kafaɗa. Baƙaƙen suka fito manya-manya, layi ɗaya yana cin layi uku, amma takarda ba ta huje ba. Mahauci ya leƙa ya ce yanzu kam an ba shi gorarsa.

Rubuta duniyar tasa da hannunsa ya ɗauke shi mako bakwai. Kullum jimla ɗaya, wata rana rabi. Idan ya rasa yadda ake haɗa wata kalma sai ya tambayi Malam, amma bai yarda kowa ya taɓa masa takardar ba. Ranar da ya gama ya tashi ya karanta mana da kansa, yana bin layi da yatsa. Farkonsa na nan a kaina: "A wannan duniya ruwa yana zuwa ba hadari. Matuƙi ya dubi gaɓa, kada ya dubi sama." Ina sauraro ina gane wuraren. Mashigar da ya kwatanta mai tsamiya biyu na san ta, a can aka haye da ni ina yaro zuwa gidan kakata, yanzu kacala ta cinye ta.

Malam ya juya shi zuwa Turanci, ya ce zai haɗa da na hannun Baba a ambulan ɗaya. Baba ya ƙi ba da na farkon. Ya zauna ya kwafi wani, wannan karon cikin mako biyu, aka kai gidan waya. Amsa ba ta zo ba har Malam ya bar garin, ban kuma sani ba ko wasiƙar ta isa. Na taɓa tambayar Malam ko da gangan ya yi kuskuren hadarin nan. Ya yi dariya ya ce shi dai a garinsu haka ruwa yake zuwa.

Baba bai taɓa tambayar amsar ba, ko sau ɗaya. Ranar da aka aika wasiƙar ya zo aji da wuri, ya ce wa Malam littafinsa ya cika, a ba shi sabo. Ya miƙo mini fensir in sake naɗewa, tsumman ya yi baƙi ya saki. A shafin farko ya rubuta sunan hanyar da take fita daga bayan ƙauyensu, ya ja layi a ƙarƙashi, ya ce saura goma sha ɗaya kafin a kai Baturiya.