Hancin Sarfaraz da Kunnen Liyakat

Idan ka bi layinmu a unguwar Orangi ta Karachi da hantsi, za ka ga wani mutum zaune kan gadon igiya a ƙofar gida mai koren ƙyaure, hannuwansa bisa gwiwa, yana kallon ƙasa. Sarfaraz ke nan. Waɗanda suka tare daga baya ba sa yarda in na faɗa, amma a da duk unguwar nan babu mai surutunsa.

Sana'arsa shafe kankare. Kun dai san abin da iskar teku ke yi wa gidajen Karachi: gishiri ya shiga siminti, rodi ya kumbura, bango ya fara zubar da gari. Kafin damina yana kan rufin mutane yana dafa kwalta a rabin duro, in zafi ya matso ya bi da farar ƙasa don ɗakuna su yi sanyi. Amma da tankin ƙasa aka fi saninsa, wanda kowane gida ke tara ruwa a ciki. In ya tsage, ruwan kwata ya fara tsattsafowa, sai a kwashe, a gurje bangon da inji, a shafa fentin nan mai gwangwani biyu da ake haɗawa a sirka da tina, ruwan tsinka fenti. A rufaffen rami, warinsa nishaɗi yake fara sa mutum, daga nan ya kwantar da shi.

Su biyu suke aikin, shi da Liyakat, ƙanin matarsa Nasrin. Liyakat ya gurje ya fito, Sarfaraz ya sauka da igiya a ƙugu ya shafa. Abu biyu ke fito da shi da rai. Na farko hancinsa: da warin ya koma zaƙi-zaƙi, ya ajiye buroshi ya hau. In hancin ya makara, akwai kunnen Liyakat a sama, don ƙa'idarsu ita ce na ƙasa ba ya shiru. Da magana ta fara karkacewa, ko dariya ta zo babu dalili, na sama ya ja.

"Liyakat, kana nan, ko ka yi barci a kan igiyar?"

"Ina nan, Yaya, yi ta zuba. Dama yayata ta ce in kawo ka rami kunnenta ya huta."

"Furfura a kai, har yanzu da bakin yayarka kake magana."

Haka kullum, shekara da shekaru, har maƙwabta sun haddace.

Nasrin ce ta fara ganewa. Wata rana miyar wakensu ta dal ta ƙone, ƙauri ya cika gida har waje, sai ga Sarfaraz ya shigo yana tambayar me aka dafa. Fentin ya cinye hancin.

"Baban Rubina, ka gaya wa Liyakat."

"In na gaya masa cewa zai yi shi zai sauka, da ƙirjin nan nasa mai kukan kyanwa. Ai yana sama yana jina. Kunnensa ya ishe mu."

Abin da Sarfaraz da Nasrin ba su sani ba, ƙarar injin gurza a cikin rami ta daɗe da cinye kunnen Liyakat. Bakin mutane yake kallo ya gane zance. Daga rami kuwa guna-guni kawai ke iso masa, sai ya mayar da amsoshin da ya saba. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai ba kurma igiya? Kuma a ransa, hancin Yaya bai taɓa makara ba.

A unguwar Nazimabad abin ya faru, gidan wata dattijuwa, Begum Shahida, ita ta ba mu labari. Sun kafa fanka a bakin tankin, ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, fankar ta tsaya. Tana kicin ta ji dariya daga ƙasa, sai waƙa, sai murya ta yi laushi.

"Liyakat, ja ni."

"Ina nan, Yaya, yi ta zuba."

"Liyakat... ja."

"Dama yayata ta ce in kawo ka rami."

Ta ɗauka wasansu ne, tun safe haka suke. Sai da shirun ya yi yawa ta fito da shayi ta leƙa. Liyakat na zaune riƙe da igiya hannu biyu, yana jiran Yaya ya hau da kansa kamar kullum.

Ta yi ihu, aka jawo Sarfaraz. Bai mutu ba. Ya daɗe a asibiti, aka dawo da shi da ƙafafunsa, amma maganar ta tsaya a can ƙasa. Yana ci in an ba shi. Ya san 'yarsa Rubina, wani lokaci.

Liyakat bai ƙara taɓa inji ba, kayan miya yake turawa a amalanke. Da la'asar yakan ajiye ta a ƙofar, ya durƙusa gaban gadon. Nasrin ba ta yi masa magana, ba ta kuma korarsa. Bakin Sarfaraz yake kallo, ba ya ko ƙiftawa. Wani lokaci leɓen ya motsa, mu da muke da kunne ba mu jin komai. Sai Liyakat ya miƙe, ya kama hannuwansa biyu, ya ja shi tsaye.