Ƙwallayen Dabinon Iya

Yaya Ilu ne ya ɓata mini suna, ya raba ni da aikina, ya sa har gobe yaran Dutse ke kirana boka. Ɗan wan ubana ne, wuta ɗaya muka ji ɗuminta. Shi ya sa mikin ya ƙi warkewa.

Wutar ta kakarmu ce, Iya. Bayan isha'i takan fito da ƙoƙo cike da ƙwallayen dabino, mu kewaye ta. Tatsuniyar da ta fi tayar mana da tsikar jiki ita ce ta dodon rijiya. Wai ya tare bakin rijiya, ba mai ɗiban ruwa sai wanda ya faɗi sunansa daidai, sunan kuwa tsawonsa kamar igiyar guga. Duk wanda ya yi gaggawa, harshe ya harɗe, dodo ya haɗiye shi. Wata yarinya ce ta ci nasara, don ta karya sunan gunduwa-gunduwa. A nan Iya kan rage murya, ta dinga ajiye ƙwallo a tabarma.

"Gaɓa ɗaya, ƙwallo ɗaya. Ba a yi wa magana lomar ƙato."

Ilu kan toshe kunne. Sai ta ce, "Buɗe kunnenka, matsoraci, dodo ba ya cin mai majina!"

Na girma, na yi aji biyu a elementare na watsar. Sai gwamnatin Nasara ta turo wani Bature mai haƙa rijiyoyi, mutumin wata ƙasa mai sanyi, wai ita Nowe. Ni ne helman leburorinsa, Ilu na ƙarƙashina. Yaren mutumin nan ɗaure kalmomi yake yi kamar ayarin raƙuma. Rijiyar ruwan sha wai drikkevannsbrønn. Na tuna Iya. Drik, ke, vanns, brønn: ƙwallo huɗu, in sa tsinke duk inda sabuwar kalma ta fara, in danna ƙwallon farko don a nan murya ke nauyi. Da Baturen ya ji na faɗa tiryan-tiryan, sai ya ce da ni zai tafi Garki, ni ne tafintansa.

Kwana uku bayan haka dogarai suka same ni tsugune gaban ƙwallayena. Ashe Ilu ya kai wa hakimi cewa bugun ƙasa nake yi, ina kiran sunayen aljanu don rijiya ta rufta da Bature. A fada na ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi Yaya, ya san ƙwallayen nan tun muna yawo ba wando."

Hakimi ya dube shi.

"Ban taɓa ganinsu ba," in ji Ilu.

Aka yi mini bulala. Ilu ne ya tafi Garki da Baturen. Tun ran nan na gane ba duk dodo ke zama a rijiya ba, kuma sanin sunansa ba ya hana shi cinka.

Bara na bi ta zauren elementare, na hango shi, yanzu wai Malam Ilu, ya jera wa yara ƙwallayen dabino yana koya musu baƙi gaɓa-gaɓa. Na shiga ba sallama. Ya miƙe, alli ya faɗi daga hannunsa.

Na ce, "Yaya, ashe kai ma ka shiga bokanci? Zauna, ba dukanka na zo yi ba. Bulalar nan na yafe. Amma gaya wa yaran nan ƙwallayen na Iya ne. Ita ka ƙaryata a gaban hakimi, ita kuwa tana ƙasa, ba ta nan balle ta yafe maka."