Takalmana a Hannun Baba

Tun ina yaro nake wuce tsohuwar majami'ar nan ta Dogon Dutsi, ban taɓa leƙa ta ba sai da na yi gemu. Ni tela ne. Wani dattijo Kirista, aminin marigayi mahaifina, wanda nake kira Baba, shi ya dame ni da cewa akwai ado a tagoginta da zai yi kyau a wuyan riga.

To amma masu kawo mini ɗinki yawanci samarin kasuwa ne masu zafin wa'azi. A ce an gan ni a can, ai kekena ya huta ke nan. Sai na zaɓi tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, ban kuma gaya wa Baba dalili ba.

A bakin ƙofa na tuɓe takalmana na ajiye, yadda ƙafa ta saba a masallaci, na shige.

Sanyi ya fara tarbata, kamar na sa kai cikin randa. Bangon jan dutse ne mai kauri, rufin ya lanƙwasa sama ba ginshiƙi a tsakiya. Rana ta ratso gilashin tagogi ta zuba shuɗi da rawaya a kan bencuna. A bango guda an zana wata mata baƙa riƙe da jariri, da ɗaurin zane irin na matan Matankari, har da tsagar Arawa a kumatu. Na daɗe ina kallonta, na manta da wuyan riga.

Da na juyo, sai ga Baba tsaye a bayana da takalmana a hannu. Mutumin da ya halarci sunana!

"Haba Baba, mene ne haka? Kawo."

"Mu da takalmi muke shiga, ɗana," in ji shi. "Wanda duk ya ga takalmi a ƙofarmu ya san Musulmi ne a ciki. Naka kuwa jajaye, duk kasuwa ta san su."

Ashe ya gane tun farko. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ya ja ni wata ƙaramar ƙofa ta baya, ya sunkuya da ciwon gwiwarsa ya ajiye takalman a gabana.

"Bi ta nan, ba mai ganinka. Ka gaida mutan gida."

Na so in ce a'a, ta gaba zan fita tare da shi. Wallahi na so. Ta bayan na bi.